Sitiyarin Tasin Baba

Tun da Tela ya iso garejin Kawunsa bai zauna ba. Ya leƙa cikin motar, ya fito, ya duba agogo, ya zagaya ta baya, ya sake duba agogon. Shi dama haka Allah ya yi shi, ko a kan keken ɗinki ƙafarsa ba ta hutawa, ko da kuwa babu yadi a ƙarƙashin allura. Yau dai yana da hujja. Ƙarfe goma sha biyu mai sayen tsofaffin ƙarafa zai turo babbar mota ta ɗauke tasin Babansu, daga nan kuma sai inda ake yayyanka su. Mutumin ya yi musu alfarma guda, ya ce duk abin da suke so su cire kafin a zo ɗauka. Tela abu ɗaya yake so, sitiyari.

Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, bayan shekara ashirin da bakwai yana tuƙa tasin nan. Likita ta ce harshensa zai iya magana, hannun dama ma zai dawo in ana motsa shi, amma Baba ya ƙi. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ture shi ƙarƙashin gado, ya juya wa kowa baya, ya yi gum. Mutumin da in ka buga ƙofar motarsa da ƙarfi sai ka yini kana shan faɗa, yau ko sunan 'ya'yansa ba ya kira. Shirun nan shi ke cin Tela. Shekaranjiya ya ga hannun hagun tsohon yana ta juyawa a kan bargo, irin na mai shan kwana, shi ne ya sa a ransa cewa in akwai abin da Baba zai yarda ya riƙe a duniya, to wannan ne.

"Kawu, sha ɗaya fa ta gota."

"Ɗan nan, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Kawu, yana goge sufana a jikin wandonsa.

Kawu bakanike ne na gaske, amma ko gobara ta kama gemunsa sai ya gama shan shayinsa. Ya cire kan batir. Ya ɓalle murfin hon a hankali ya ajiye a kujera. Babban noti ya bayyana a tsakiyar sitiyarin, ya yi ja da tsatsa. Kawu ya sa doguwar sufana, ya ce wa Tela ya riƙe sitiyarin gam, ya danna da dukkan nauyinsa har notin ya yi ƙara ya saki. Ya warware shi, ya warware, da ya kusa fita sai ya bar shi nan a bakin ƙarfen. Tela ya gani, ya yi tsaki a ciki. Aikin Kawu ke nan, komai sai ya bar sauransa.

Kawu ya ja sitiyarin. Ko gezau. Ya jijjiga shi dama da hagu, sama da ƙasa, motar gaba ɗaya ta girgiza, sitiyari yana nan inda yake. Ya ɗiga man birki a gindin notin, ya jira, ya ɗauko guduma ya ɗan bubbuga. Shekara ashirin da bakwai na gumi da ƙura da ruwan sama sun riga sun haɗe ƙarfe da ƙarfe.

Wayar Tela ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda ke jinyar Baba.

"Kai Tela, kana ina? Yau ma ya ƙi karyawa. Na kai cokali bakinsa ya datse haƙora."

"Yaya, ga ni nan zuwa."

"Tun safe kake zuwa. Mutum yana kwance kai kana can kana kokawa da ƙarfe."

Ya kashe wayar, ya sa a aljihu, ya fiddo, ya sake mayarwa. Zuciyarsa sai tafasa take yi, ga haushin Yaya, ga na Kawu, ga tsoron kada maganarta ta zama gaskiya.

"Wannan sai da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake zaro su da shi," in ji Kawu. "Nawa wani ya ara bai dawo da shi ba. Bari in tsallaka titi in karɓo na maƙwabci. Kada ka taɓa komai."

Ya fita yana jan takalmi. Daga inda Tela yake tsaye yana hango shi, bai ko kai bakin titi ba ya tsaya gaisawa da mai facin taya, har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Sha biyu saura kwata. Saura minti goma. Sai ga babbar motar ta kunno kai bakin gareji, tana ja da baya, direbanta yana danna hon.

Tela ya faɗa kujerar direba. Kujerar ta lotsa daidai jikin Baba, shi kuwa sai ya nutse a ciki. Ya ƙura wa notin nan ido. To ina abu zai fita alhali an bar masa noti a kai? Ai ko maɓalli ne sai ka ɓalle shi gaba ɗaya riga take fita. Ya sa yatsu biyu ya ƙarasa warware shi, ya jefar ta taga. Ya tokare ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya sa gwiwoyi a bayan sitiyarin, ya kama shi dama da hagu, ya yi bisimilla ya ja. Bai motsa ba. Ya jijjiga, ya ciji leɓe, ya matso da fuska kusa don ya ga ko yana ɗagowa, ya sake fizga da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Man birkin nan ashe ya gama ratsawa. Sitiyari ya saki lokaci guda, kuma babu abin da zai tare shi sai bakin Tela.

Ya ga wuta. Da hankalinsa ya dawo, yana jingine da kujera, sitiyari a ƙirjinsa, jini na ɗiga a kan rigarsa, harshensa kuma ya ci karo da gurbin da ɗazu haƙori ne. Kawu ya iso da ƙarfensa mai ƙafa uku, ya tsaya, ya saki salati, ya ɗora hannu a ka. Direban babbar mota kuwa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Tashi mu je a duba bakin nan," in ji Kawu.

Tela ya girgiza kai. Ya toshe baki da hankici, ya rataya sitiyarin a hannu, ya tare babur ɗin haya. Duk hanya yana taɓa kafaɗar mai babur wai ya ƙara wuta.

Yaya ta tare shi a ƙofar ɗaki, ta buɗe baki za ta yi ihu, ya ɗaga mata hannu. Baba yana jingine da matashi, idonsa a bango. Tela ya durƙusa, ya ɗora sitiyarin a kan cinyarsa. Robar ta goge ta yi sheƙi a wurare biyu, inda tafin hannun tsohon ya saba zama.

Baba bai ko kalle shi ba. Hannayensa suna nan yadda suke, na hagu a kan bargo, na dama a dunƙule a gefe. Tela ya jira. Ga baƙin ciki, ga kunya, ga zafin baki. Ya rasa haƙori a banza, Yaya ta yi gaskiya. Ya sauke hankicin daga bakinsa don ya ba da haƙuri, ko da yake bai san haƙurin me zai bayar ba.

A nan idon Baba ya baro bango. Ya sauka a kan leɓen da ya kumbura, ya gangara kan jinin riga, ya koma kan ramin da ke tsakiyar sitiyarin, ya sake dawowa kan leɓen. Girarsa ta hagu ta haɗe. Bakinsa ya shiga motsi, ɓari ɗaya yana jan ɗaya.

"No... ti."

Yaya ta dafe ƙirji.

"Na'am, Baba?" in ji Tela.

"Ka... cire... duka."

"Na cire, Baba."

"Sha... sha... sha." Kalmar ta fito a karkace, amma babu wanda bai ji ta ba. Numfashinsa ya yi sama, haushi na gaske ya cika masa fuska. "Ana... bari. Zagaye... uku. Ya tare... shi. Wa... ya haife ka?"

Tela bai taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Hawaye suka zubo masa, suka shiga tsagar leɓen suka yi masa raɗaɗi. Ya so ya rungume tsohon, amma a karo na farko a rayuwarsa ya danne gaggawarsa, ya gyara durƙuso, ya yi fuskar wanda bai gane ba.

"Ni fa ban fahimta ba, Baba. To in an bar notin, ta ina ake kamawa a ja?"

Baba ya yi masa kallon da ake yi wa wanda ba zai taɓa hankali ba. Ya kama sitiyarin da hagu, ya ga hannu ɗaya ba zai nuna komai ba. Ya saki, ya miƙa ya ɗauko hannunsa na dama kamar mai ɗaukar kayan wani, ya ɗora shi a ɗaya gefen. Yatsun suka zame. Ya sake ɗorawa, yana huci, yana harar Tela.

"Matso... ka gani," ya ce.

Tela ya matso.