Ƙaiƙayi a Lagireto

Allurar zafin injin mota ta wuce rabi tun kafin su shiga Kalgo, amma Zayyanu bai gaya wa kowa ba. A kujerar baya, ƙanwarsa Safiya ta ɗora kan mijinta Lukuman a cinyarta. Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa da hantsi, yana ɗaga damin shinkafa a gonarsu ta Diggi. Zayyanu ya zo daga Gwandu kwana uku da suka wuce don ya taya su kwasar amfani da tsohuwar motarsa Fijo, shi ya sa aka sami motar kai shi asibiti a Birnin Kebbi.

A mararrabar Kalgo suka tarar da hanya a toshe. Wata tirela cike da albasa ta mutu a gicciye, motoci sun yi layi biyu, ba gaba ba baya. Da iskar gudu ta ɗauke, allurar ta fara hawa a kan idonsa har ta kusa jan layi.

"Yaya, mi ya faru?" in ji Safiya. "Na ga kana ta duban wuri guda."

"Mota ce ta ɗan yi zafi. Ki riƙa yi masa magana, kar ya yi barci."

Ya waiwaya. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Lukuman ya yi ƙoƙarin yi masa murmushi, sai Zayyanu ya ga jini a dasashinsa. Ɗora shi a babur ba zai yiwu ba, don mutumin ko zama ba ya iyawa. Kashe motar ma ba zai yiwu ba: batir ɗinta ya mutu tun bara, sai an tura take tashi, kuma babu wurin turi a wannan matsi. In kuma ya bar injin ya ƙone, nan za su tsaya.

Ya fita ya ɗaga bonet, zafi ya bugi fuskarsa. Ya ce wa kansa ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, babu ɗigon ruwa a kan kwalta. Ya duba gorar ruwa ta gefe, a cike take. Bel bai tsinke ba. Fanka tana juyawa da ƙarfinta.

Wani direba mai jar hula ya sauko daga motar da ke bayansu. "Malam, ruwa ne ya ƙare. Buɗe murfin mu ɗura mata, mu huta da wanga hayaƙi naka."

Zayyanu har ya naɗe tsumma a hannu ya kai kan murfin lagireto. Ya ji ruwan yana tafasa a ciki kamar tukunya, ya janye. Ya taɓa ganin fuskar wanda ya buɗe irin wannan murfi.

"Ruwa yana nan," ya ce. "Wani abu ne daban."

"To malamin makanikai, sai ka gaya muna."

Ya kara tafin hannu a bayan fanka, nesa da fikafikanta. Tana ta ruri, amma iskar da take jawowa ba ta kai ta mafici ba. Ya tsaya yana kallo, kansa ya ƙulle.

"Yaya!" Safiya ta leƙo ta taga. "Ya yi amai, akwai jini ciki. Kuma wannan ƙaurin da nake ji, ba na mai ba ne. Ƙaurin ƙaiƙayi ne, irin na toyin bayan casa."

Nan take ya tuna. Kwana ukun nan, duk lokacin da ake loda buhuna yakan bar motar a kunne kusa da injin casa, don gudun turi. Fanka kuwa tana ta zuƙa. Ya zagaya gaba ya leƙa ta tsakanin ragar gaban mota da lagireto. Ƙaiƙayi ya lulluɓe fuskar lagireton gaba ɗaya, ya danne kamar tabarma.

A bakin hanya wata dattijuwa tana suyar ƙosai. "Inna, ara mini tsintsiyarki, don Allah, mara lafiya gare ni." Ba ta tambayi komai ba, ta miƙo. Ya zura tsintsiyar yana karcewa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, don kar ya lanƙwasa siraran ƙarafan. Ƙaiƙayin yana zubowa dunƙule-dunƙule. Mai jar hula ya daina tsiya, ya ɗauko jarkarsa yana kwarara ruwa a inda aka share. Ƙarfe ya ƙona Zayyanu a wuyan hannu, bai tsaya ba.

Ya sake kara hannu a bayan fanka. Iska mai zafi ta doke shi da ƙarfi.

"Safiya, allurar fa?"

"Tana kan ja." Ta sake leƙawa. "Ta motsa, Yaya. Ta sauka kaɗan."

Sai da suka ƙara minti goma sha biyar kafin a ja tirelar gefe. A wannan lokacin Lukuman ya daina amsa kira, sai dai ya matse yatsan matarsa in ta ce, "Baban Mubaraka, kana ji na?" Zayyanu ya bi ta cikin gibin da aka buɗe, idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a allura, bakinsa yana salati.

A ƙofar asibiti ma'aikata biyu suka ɗauke Lukuman a gadon turawa. Ɗaya ta tambayi ƙarfe nawa macijin ya sare shi, ta duba agogo, ta ce, "Akwai allurar dafin maciji a nan. Ku yi sauri." Safiya ta bi su da gudu, takalminta ɗaya a mota.

Zayyanu ya kashe injin. Sai a lokacin ya ga tsintsiyar dattijuwar a kujerar gaba, ya ji wuyan hannunsa yana zogi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, yana kallon ƙofar da suka shiga.