Dankalin Hure

Ranar wata Talata a daminar 1971 Malam Barau ya sayi tsire a Gaya, aka ƙunshe masa a yagaggen shafin wata mujallar Turanci. Daga ranar zaman lafiyar gidansa ya ƙare.

Tsohon malamin firamare ne a Kademi, irin wanda ba ya ganin rubutu ya ƙyale. Ya kakkaɓe yajin, ya karanta. Wai a cikin kowace ƙwayar halittar tsiro akwai littafin umarni, wasu sinadarai sun naɗe shi kamar zare a mazari, sai sun sassauta masa kafin saiwa ta kumbura ta zama dankali. Sauran bayanin maiƙo ya cinye.

Ya iske matarsa Hure a garkar bayan gida tana ɗaga yaɗon dankali tana juyawa, yadda uwarta ta koya mata, don kada ya kafa saiwa ko'ina.

"Ke, bari! Kina firgita sinadaran."

"Su waye kuma, Malam?"

"Masu buɗe littafin."

"To su buɗe mana. Ni na riƙe musu hannu?"

Aka raba garka biyu. Ya zuba wa nasa ɓangaren takin awaki kwando shida don sinadaran su ji ƙarfi, ya hana kowa taɓawa. Ganye ya yi shar har ya haura danga. Maƙwabta suna leƙowa, yana yi musu lacca.

Ranar tono, Hure ta fito da dankali kamar kan jariri. Shi kuwa ya tona tun hantsi har azahar, ya samu saiwoyi kamar wutsiyar ɓera.

"Malam, da alama naka ba su sauke karatun ba," in ji ta. Ta dafa nata, ta ajiye masa mafi girma. Wannan ya fi ƙona masa rai.

Ya ci har da ƙari. Ya yi niyyar faɗa mata wata magana, amma malami ba ya magana sai ya tsara ta. Yana cikin tsarawa rani ya shigo. Kafin ruwan farko, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta.

Yanzu kowace damina yana duƙe a garka, yana ɗaga yaɗo yana juyawa, baya na ciwo, dankali na yi. Maganar kuwa, bayan duk tsarin nan, kalma huɗu ce kacal: "Hure, kin yi gaskiya."