Zanin Gado a Igiyar Ishbel

"Kullum, Mama? Kullum sai kin wanke zanin gado?" Gregor ne yake ɗaga wa uwarsa murya a filin shanya na bayan benenmu. Ya riƙe gefen zanin da yatsu biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera.

Ishbel ta fizge abinta. "Tsafta nake so. Laifi ce yanzu?"

Ina tsaye da kwandon wankina, raina yana tafasa. Mutumin da sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsa, yau ya tuƙo mota tun daga birnin Aberdeen saboda Misis Pirie ta hawan ƙasa ta buga masa waya. A gidan nan kowa da igiyarsa, kuma Pirie ba ta da sana'ar da ta wuce leƙen ta mutane. Ta ga zani kullum a ta Ishbel, shi ke nan ta yanke hukunci: tsohuwa ta daina riƙe fitsari.

Zanin kuwa na Rhona ne, 'yar Lachlan direban bas da ke ƙofa da ƙofa da Ishbel. Shekarunta takwas. Tun da uwarta ta tattara kayanta ta bar su, yarinyar ta koma fitsarin kwance, wani lokaci har a aji yake kuɓuce mata. Lachlan ba mugu ba ne, amma bai iya komai ba sai tsawa. Ta bango na ji shi wata rana: "Ke jaririya ce? Ki sake, a taga zan rataya shi duk unguwa ta gani!" Daga ranar abin ya ƙaru.

Da yake shi da asuba yake fita aiki, Ishbel ce mai shirya yarinyar makaranta. Ta cire zanin, ta shimfiɗa wani, ta dama mata kunun alkama, ba faɗa ba tambaya. Uban ya ɗauka tsawarsa ce ta yi magani. A ɗaki kuma ba ta iya shanya, ƙirjinta ba ya ɗaukar danshi.

Da Gregor ya hau sama na tare ta. "Haba Ishbel, ki gaya masa mana! Gidan tsofaffi fa yake shirin kai ki."

"In na gaya masa, ya gaya wa Pirie. Jikan Pirie ajinsu ɗaya da Rhona." Ta nuna ni da yatsa. "Netta, kika buɗe baki, ni da ke har abada."

"To ke fa?"

"Ni na tsufa, ai su yi ta faɗa."

Gregor bai ko ɗaga katifarta ya duba ba, wallahi. Ya haɗa zancen zani da wata faɗuwa da ta taɓa yi a matakala, ya yi ta yi mata naci, wai hankalinsa ba ya kwanciya, har ta gaji ta ce to. Ranar tafiya ta damƙa mini makullin su Rhona. Na ci gaba da wankin, ina busarwa a kan hitar ɗumama ɗakina.

Na je dubata a gidan tsofaffin. Sun sa mata ƙunzugun manya, matar da ko tari ba ya sa ta ɗiga! Ta rame, ba ta taɓa shayinta ba.

"Ya 'yar tawa Rhona?" ta tambaye ni.

"Jiya ta tashi a bushe."

"Kada ki yaba da yawa, sai ta tsorata da gobe. Ki dai ba ta biskit."

Lokacin sanyi bai fita ba ciwon huhu ya ɗauke Ishbel.

Bayan an binne ta aka taru a zauren coci, ana shan shayi da burodi. Pirie, baki cike, tana yi wa mata bayani: "Hutu ne, baiwar Allah. Tun bara fa ba ta iya riƙewa. Ni na fara lura." Gregor yana gyaɗa kai kamar wanda aka ba lambar yabo. Na ajiye kofina don kada in watsa mata shi a fuska.

"Ƙarya ne."

Rhona ce, tana tsaye gefen ubanta cikin baƙar riga da ta yi mata yawa.

"Ba Kaka Ishbel ba ce. Ni ce. Nawa ne take wankewa."

Kowa ya juyo. Idon yarinyar yana kan ubanta, ba a kan Pirie ba. Sai ga fitsari yana bin safarta, yana taruwa a gefen takalminta, kowa yana kallo, har jikan Pirie.

Na yunƙura, don na rantse in Lachlan ya ɗaga murya a wurin nan sai na mare shi. Ya dubi ƙasa, ya dubi 'yarsa, fuskarsa ta yi ja. Ya cire kwat ɗinsa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a cikin jiƙar, ya ɗaura mata shi a ƙugu. Sai da ya sake ɗauri kafin ƙullin ya zauna.