Motar Gwangwanin Belel

Belel mahauci ne a kasuwar Sokodé ta ƙasar Togo, amma in ka tambaye shi sana'arsa, waya zai ɗaga maka. Da ya sallami masu naman safe sai ya wanke hannu, ya jingina wayar a jikin sikeli, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ya ce, "'Yan uwa, wa ya tuna lokacin da muke yara?" Daga nan sai labarin gudun lekol, wato makaranta, da satar mangwaro. Mutum dubu huɗu ke bin shafinsa, kuma wallahi ba zai bari ka manta ba.

Bidiyon da ya fi tashi shi ne na motar gwangwani. Ya ba da labarin yadda ya ƙera ta da gwangwanin sardin, ya yanka tsohon silifa ya yi mata tayoyi, can a rugarsu ta bayan Dapaong. Ranar da za a kawo shi Sokodé wurin kawunsa, yana ɗan shekara bakwai, motar ta ɓace. Iyakar gaskiyar ke nan. Amma Belel ya ji labarin ba gishiri, sai ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ce ta jefa ta a murhu yana kallo. Har da matso hawaye! Mutane suka yi ta tausaya masa, suna cewa ya nuno musu tsohuwar su ji ta bakinta.

Shi ma ta bakin nata yake son ji, ba don su ba. Belel ɗan fari ne, mahaifiyar tasa Daada kuwa Bafulatana ce ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, in ya gaishe ta ƙofa take amsa wa. Ya san kunya ce, kowa ya sani. Duk da haka abin na cinsa. Shekararsa talatin da biyu, yana so ya ji ko sau ɗaya cewa matar nan tana tune da yarintarsa. Sai ya bar wa abokinsa teburin, ya hau motar arewa.

Ya tarar da Daada tana dafa wagashi, cukun nan na nono, ƙanwarsa Raudatu na iza mata wuta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kafa waya.

"Daada, ki faɗa wa mutane yadda nake ina yaro."

Daada ta juya wajen Raudatu. "Baƙon nan ya ci abinci?"

"Ya ci. Labarin yarinta yake so ki ba shi," in ji Raudatu, tana danne dariya.

Ai kuwa tsohuwa ta buɗe baki. Ta faɗi ranar da Raudatu ta fitar da haƙori. Ta faɗi yadda autanta Djibril ya faɗa kwatarniya. Ta yi minti goma cur a kan wata jar saniya da ta haifi tagwaye shekarar da ruwa ya cinye hanya.

"To, ni fa, Daada?"

"Raudatu, ce masa ya matsa, zai ɓarar min da nono."

Kwana uku aka yi ana haka. Ya ɓoye wayar a cikin kwando, ta rufe kwandon da faifai wai saboda ƙuda. Ya rataye ta a reshe, akuya ta tauna igiyar. Abin da ya samu duka bai wuce ƙeyar Daada da gindin tukunya ba. Ranar tafiya ya yi sallama ransa a ɓace, ita kuma tana can wajen shanu ta ba shi baya.

Har ya hau bayan mai babur sai ga Raudatu da gudu, riƙe da wani ƙunshin tsumma. Ya kwance. Motar ce! Ta yi tsatsa, taya ɗaya ya fita, amma zaren da yake jan ta da shi yana nan a ɗaure.

"Ni na nuna mata bidiyonka tun watan jiya," in ji Raudatu. "Ta ce in faɗa wa mai wayar nan ita ba ta ƙona kayan mutane. Ranar da za a tafi da kai ta ɗauke ta, ta sa a ƙarƙashin ƙoranta, don kada a kwashe komai da komai a tafi."

Belel ya kai hannu aljihu, wajen waya, sai ya fasa. Hawayen da ya sha matsowa a gaban sikeli yau sun zo ba gayyata, ga kunyar ƙaryarsa ta rufe shi.

"Kuma, Yaya," in ji Raudatu, "ta ce ka nuna wa mutanenka ka dawo mata da abinta. Aro ta ba ka."

Mai babur ya danna ham. Belel ya ɗaga murya ya ce, "Daada, zan dawo da ita da kaina!"

Daada ba ta waiwayo ba. Ta shafa wuyan saniyar da ke gabanta, ta ce mata, "Allah ya kiyaye hanya."