Murhun da Ke Jan Mutum

Murhun lantarkinmu yana jan mutum. Tun ina ƙarami haka yake. Shi ya sa akwai silifas na roba a ƙofar kicin, ba mai shiga sai da shi. Umma takan ce halinsa ne.

Da na gama sakandare na zauna gida, abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa ba ya ja sai an kunna oben? Me ya sa ya fi zafi ranar da aka goge ƙasa? Na tambayi Kawu, wanda ya haɗa wayar. Ya ce, "Kai dai ci abinci."

Sai mai gidan da muke haya ya aiko mai duba wuta. Hankalin Umma ya tashi. A oben ɗin nan take gasa kek ɗin da take kai wa shaguna, in aka yanke shi sana'a ta tsaya. Ta ɓoye silifas ɗin, ta goge kicin tas saboda baƙo.

"Auta, ka iya bakinka," ta ce mini.

Mutumin gajere ne mai tumbi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar falo kamar kowane baƙo, har da safa. Ya duba mita, ya wuce kicin. Ƙasa ba ta bushe ba. Kek yana cikin oben.

"Hajiya, wannan ƙamshi ai cin hanci ne," ya ce, ya miƙa hannu zai buɗe.

Na kalli ƙafarsa. Na kalli Umma.

"Kada ka taɓa. Yana ja," na ce masa.

Ya janye hannun. Ya ciro abin gwaji ya ɗora a jikin murhun, ƴar fitilar da ke jikin abin ta kama. Bai sake wasa ba. Ya kashe wutar gidan, muka jawo murhun tare.

Ban taɓa ganin bayansa ba. Siririyar waya ce irin ta fanka, an murɗe ta da wata an naɗe da salatif. Robar ta narke, tagullar tana gogar ƙarfen. Ga wata koriya an ƙulle ta, tana lilo.

"Wannan fa?" na ce.

"Ita ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa. Tunda ba a haɗa ta ba, ku ne wayar."

"Oben ɗin kuma?"

"Wayarsa ce ta narke. Kai, ɗan jarida ne?"

Ya sa filaya ya datse wayar murhun. Ya ce sai an jawo wa murhun layinsa daban, da waya mai kauri, kafin ya dawo.

Umma ta fito da kek ɗin. Tsakiyarsa ta lotsa, bai nuna ba.

"Da ka bari ya gasu tukuna," ta ce mini.

"Da mutumin ne ya gasu," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini wayarta. "Kira masu shaguna ka ce musu babu kek. Tunda bakinka ya buɗe."