Gashin Bakin Jirgin Wenzu

Tun Nadette Bugeja ba ta da furfura ko ɗaya ake cinikin tashar ruwan ƙauyensu da wata babbar ƙasa, ga shi yau sai ta rina gashi take fita. Aikinta a wani ofishin gwamnati a Valletta, babban birnin Malta, shi ne tsara tarbar manyan baƙi: wa zai zauna ina, tutar wa za ta tsaya a dama, wane abinci ne ba ya shiri da cikin minista. Babbar ƙasar za ta gina wa masunta katangar tare igiyar ruwa da ɗakin sanyi na ajiye kifi, Malta kuma ta bar jiragen ƙasar su riƙa tsayawa shan mai. Kowa ya san wanda ya fi buƙatar wani. In aka zauna tattaunawa, mutanen can su cika rabin ɗaki, na nan kuwa ba su fi a kirga da hannu ɗaya ba, kuma ita ce mai zuba musu ruwa.

Da aka zo ƙarshe, aka ce a bakin tashar za a sa hannu, don jiragen masunta masu launi su fito a hoto. Ofishin jakadancin babbar ƙasar ya turo wani jami'i mai yawan murmushi da ƙarancin sauraro ya duba wurin. Ya tsaya a matakalar coci yana ta ɗaukar hoto, can ya nuna jirgin da ke daidai bayan inda za a ajiye tebur.

"Wancan me ya sa gabansa baƙi ne, na sauran ja ko rawaya?"

Da Nadette ta yi shiru da an wuce wurin. Amma gajiya kan sa mutum ya faɗi gaskiya. Ta ce masa zanen da ke ƙarƙashin idon da ake zana wa jirgi a gaba shi ake kira gashin baki, kuma in an yi rashi a gida sai a shafe shi da baƙi. Murmushin mutumin ya ɗauke. Ya ce ministansu ba zai sa hannu da alamar mutuwa a bayansa ba, jaridun ƙasarsu za su yi biki da hoton.

Ba ta gaya masa jirgin mahaifinta ne ba. Shugabanta, Mista Ellul, shi ya sani. Ya kira ta ofis, ya cire tabarau ya murza ido.

"Nadette, kin san ba raina ya so ba. Amma mun tsufa a kan maganar nan. Kada a ce fenti ne ya kwance mana ita. Babanki ne, ke za ki fi sanin bakin zaren."

"To, ranka ya daɗe," ta ce. Kalmar da ta fi kowace yawan fita daga bakinta ke nan.

Ta iske mahaifinta, Wenzu, a bakin ruwa da hantsi, yana gyaran koma tare da abokinsa Kelinu. Tun rasuwar mahaifiyarta Pawlina a hunturun da ya wuce, tsohon ya rame har wandonsa sai da igiya. Kelinu ne ya fara hango ta.

"A'a, ga gwamnati da kanta! Wenzu, tashi ka gaishe da gwamnati. Yau me za a ba mu, ko me za a karɓe?"

"Kawu Kelinu, bakinka dai ba ya hutu."

"In ya huta me zan ci? Kifin ma ya koma wajen masu manyan jirage."

Ta zauna a kan akwatin kifi. Wenzu ya gutsuro mata burodin da ya goga wa tumatir da man zaitun. Ta riƙe, ta kasa ci. Ta yi ta kewaye-kewaye da zancen katanga da ɗakin sanyi, har tsohon ya ajiye allurarsa.

"Ke 'yar nan, faɗi abin da aka aiko ki."

Ta faɗa. Ta yi sauri ta ƙara da cewa ba sai an taɓa fentin ba, ya kai jirgin bayan tsauni, wajen da ake ɗaure tsofaffin kwale-kwale, na wuni ɗaya kawai.

"In ɓoye ta ke nan," in ji Wenzu. "A wurin nan ubana ya ɗaure jirginsa. A matakalar can uwarki take tsayawa ta jira ni. Tana raye ban taɓa ɓoye ta ba, sai yanzu don baƙo zai zo?"

Kelinu ya tofar da yawu a ruwa. "Ka ce musu su kawo ministan nasu ya shafe da kansa."

Wenzu bai kula shi ba. 'Yarsa yake kallo, da jakar ofis a cinyarta da kumburin ƙafa a cikin takalmi.

"In na ƙi, me za su yi miki?"

"Ba komai, Baba."

"Uwarki ma haka take cewa ba komai."

Nadette ta so ya yi mata faɗa, ya kore ta, ta koma ta ce wa Mista Ellul ta yi iya yinta. Da ta samu sauƙi. Amma tsohon sai ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da gyaran koma. Washegari da ta biyo, ta same shi a cikin ƙaramin kwale-kwale a gefen jirgin, da gwangwanin jan fenti tsakanin ƙafafunsa. Baƙin fenti ba ya rufuwa da sauƙi. Ya shafa, ya jira ya bushe, baƙin ya leƙo, ya sake shafawa. Matan da ke fitowa daga coci suka tsaya suna kallo, wata ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Har ya gama makokin? Shekara ma ba ta zagayo ba." Nadette ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba a dukan rusunawar da ta yi wa baƙi.

"Baba, in sun tafi zan sayo baƙin fenti, mu mayar."

"A mayar?" Ya girgiza kai, bai daina shafawa ba. "Na riga na gaya wa gari na gama. In sake fitowa in ce wasa nake? Ba a yi wa mamaci haka."

Ranar sa hannu rana ta fito da zafinta. Masunta suka jera jiragensu, kowane yana sheƙi, na Wenzu a tsakiya da sabon jan gashin baki. 'Yan badujalar ƙauye suka tsaya suna zufa a cikin kayan sarki. Ana haka wata babbar mota ta tsaya, ma'aikata suka sauke ƙarafa, suka fara kafa wani ƙaton ƙyalle a bayan tebur. Nadette ta nemi jami'in nan ta tambaye shi. Ya ce masu ɗaukar hoton ƙasarsu sun ce hasken ruwa yana ɓata fuskar minista, shi ya sa aka bugo hoton tashar a kan ƙyalle tun daga can.

Aka ware ƙyallen, ya rufe tashar ruf, babu jirgi ko ɗaya da ake gani daga kujerun baƙi. A jikinsa ga jirgin Wenzu, ya fi na gaskiya girma, da idonsa, da baƙin gashin bakinsa. Cikin hotunan da jami'in ya ɗauka ran nan, shi ne wanda ya fi burge wanda ya zaɓa.

"Ka ga abin da ke jiki?" ta ce masa.

Ya ɗaga kai ya duba, sannan ya duba agogo. "Ai wannan hoto ne kawai. Babu wanda zai tambaya."

Babu kuwa wanda ya tambaya. Ministan ya sauko daga mota, ya yabi abota tsakanin manya da ƙanana, ya sa hannu a ƙarƙashin baƙin zanen, aka tafa. Mista Ellul ya matse hannun Nadette ya ce Allah ya raba su da wannan jidali. Ita ko daɗi ba ta ji ba, ƙafafunta kawai take ji.

Da motoci suka tashi, ta hango mahaifinta. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ratso tsakanin kujerun da ake kwashewa, ya tsaya a gaban ƙyallen da hularsa a hannu. Har yanzu akwai jan fenti a ƙarƙashin faratansa. Ma'aikata sun riga sun fara kwance igiyoyin sama, gefe ɗaya ya fara zubowa.

Ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Nadette," ya ce, bai juyo ba, "ke da kika iya roƙonsu. In sun gama da wannan, ki tambaye su ko za su bar mini."