Batun Addu'a na Biyar

Motar ba ta gama fita daga unguwar Hulme ta Manchester ba Rifkatu ta zaro wani tsohon ambulan daga jaka, ta ɗora shi a kan Littafi Mai Tsarki, ta fara jera batutuwan addu'a a bayansa. Na ɗaya, zaman lafiya a gida Najeriya. Na biyu, masu jiran takardun zama. Na uku, marasa lafiya. Na huɗu, 'ya'yanmu da ke tasowa a ƙasar nan. Ta rubuta lamba biyar, ta zagaye ta da biro har sau uku, ta bar gabanta fili. Wannan ba ya buƙatar rubutu, kwana tara ke nan tana bitarsa.

"Maman Goodness, yau ke ce da addu'ar roƙo ko?" in ji Na'omi, wadda ke zaune kusa da ita rungume da tulun kiɗa a cikin tawul. "To a ja mana ita da kyau, matan Birmingham su san mun zo."

"Za su sani," in ji Rifkatu.

Mata talatin da biyu ne a motar, kowacce da zanen zumunta da farar riga, za su taron shekara na Zumuntar Mata da bana ya faɗo a unguwar Sparkhill ta Birmingham. Su dai matan zumunta ba sa gulma, Allah ya kiyaye. Abin da suke yi shi ne kawo batun addu'a. Idan mijin wata ya koma shan giya, ba mai cewa ya koma shan giya. Sai a sunkuyar da kai a ce 'yan'uwa mu ɗaga gidan wance a gaban Ubangiji, a faɗi ranar, a faɗi irin kwalbar, sannan kowa ta ce amin. Rifkatu ma ta sha cewa amin ɗin nan da ƙarfi, kafin abin ya zo kanta.

Wata goma sha huɗu da suka wuce 'yarta ɗaya tilo, Goodness, tana shekara ta biyu a jami'a, ciwon damuwa ya kayar da ita har aka kwantar da ita a asibiti. Rifkatu ta rasa inda za ta kai kukanta sai wajen Laraba, abokiyar addu'arta tun suna 'yan mata a Kafanchan, wadda aure ya kai Birmingham. Ta faɗa mata komai a waya, har abin da yarinyar ta yi yunƙurin yi wa kanta, ta roƙe ta maganar ta tsaya tsakaninsu da Allah. Kafin la'asar Laraba ta saki saƙon murya na minti shida a zauren WhatsApp na mata ɗari da arba'in, ta ce ruhun mutuwa ya kama 'yar Rifkatu, a tashi da azumi. Washegari kakar yarinyar ta kira daga Kafanchan tana kururuwa. Goodness ta ji saƙon da kunnenta, domin wata ƙawarta ce ta tura mata. Da aka sallame ta ba ta dawo gida ba, ta kama ɗaki a Old Trafford, ta daina zuwa coci, ta daina ɗaukar wayar uwarta.

Rifkatu ba mace ce mai wasa da ibada ba. Shekara ashirin da shida, ƙarfe biyar da rabi na safe ba ya wuce ta: ta haɗa shayi, ta zauna a teburin kicin, ta karanta sura ɗaya, ta yi magana da Allah kamar yana kujerar da ke fuskantarta, sannan ta kama bas zuwa gidan kula da tsofaffi inda take aiki. Ba ta fasa ko kwana ɗaya ba. Sai dai tun daga ranar saƙon nan karatun nata ya koma wuraren da ake tumɓuke maƙiya, kuma in ta zo inda ake maganar yafewa takan kurɓi shayi ta wuce. Ta tsani Laraba, tsana mai nauyi, wadda take tashi da ita take kwana da ita.

Sai ga shi kwana tara da suka wuce Goodness ta buga ƙofa da kanta. Ta ci tuwo malmala biyu, sannan ta ɗago.

"Mum, zan faɗa miki wani abu. But you have to promise me. Ba aunties, ba prayer group, ba kowa."

"Na yi alkawari."

"Rachel tana wajena. Tun February ta bar uni. Ciki gare ta, she's five months gone, Mum. Auntie Laraba ta ce kar ta sake ta zo gida a haka, mutane za su gani. Ba ta ma san inda take ba. I don't know what to feed her, komai ta ci sai ta amayar."

Rachel ɗin nan ita ce 'yar Laraba mai karatun likita, wadda saboda ita duk Birmingham ke kiran uwarta Maman Dokta. Rifkatu ta koya wa Goodness yadda ake dama kunun tsamiya marar nauyi, ta rungume ta a bakin ƙofa. Da ta rufe ƙofar sai ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Kwana biyu bayan haka shugabar zumunta ta kira ta ce ita za ta ja addu'ar roƙo a taron Sparkhill. Rifkatu ta ce ai shi ke nan, Allah ya amsa, har makirufo ya haɗa mata da shi. Alkawarin da ta yi wa 'yarta kuwa ta samo masa hanya: ai ba faɗa wa mutane za ta yi ba, Allah za ta faɗa wa, in mutane sun ji ruwansu.

Sun isa wajen sha ɗaya. Zauren da aka kama yana bayan Stratford Road, tsakanin wani shagon yadi da gidan abinci, kuma tun daga waje ake jin ganga da kuge. A bakin ƙofa, da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo rufi, Laraba ce ke tarbar baƙi.

"'Yar'uwata!" Ta rungumo Rifkatu, turarenta ya cika mata hanci. "Kin ɓuya. Ya Goodness da jiki? Muna nan muna ta ɗaga ta, ba mu gaji ba."

"Da sauƙi. Ya Dokta?"

"Ai kin san su, placement na asibiti ya riƙe ta. Ba ta da lokacin kanta, sai dai mu gode wa Ubangiji."

"Mu gode masa," in ji Rifkatu, tana murmushi har haƙoranta na baya.

Aka yi waƙoƙi, Manchester ta fito ta taka, Birmingham ta fito ta rama. Na'omi ta daki tulu har gumi ya jiƙa mata riga. Aka yi wa'azi a kan mace mai hikima, wanda Rifkatu ba ta ji ko kalma ɗaya a ciki ba. Tana zaune tana ƙara gyara batu na biyar. Za ta sassauta murya. Za ta ce, ya Uba, muna kawo maka 'yarmu Rachel, wadda ta bar makaranta tun watan biyu, kai ka san abin da take ɗauke da shi wata biyar, ka ba uwarta zuciyar karɓarta. Za ta ɗan dakata bayan wata biyar ɗin, don ya shiga kunnen na kujerar baya. Ta san akwai aƙalla waya goma da za a ɗaga ana ɗauka. Kafin a raba abinci Kafanchan ta ji.

"Yanzu 'yar'uwarmu Rifkatu daga Manchester za ta kai mu gaban kursiyin alheri."

Ta miƙe, ta gyara zane, ta karɓi makirufo. Mata sama da ɗari suka sunkuya. Rifkatu ta iya addu'a, wannan ko maƙiyinta ya sani. Ta ɗauki Najeriya jiha jiha, zauren ya amsa. Ta ɗauki masu jiran takardu, wata a baya ta fashe da kuka. Ta wuce marasa lafiya, ta zo kan 'ya'ya, amin ɗin Laraba ya fi na kowa ƙarfi, daga layin gaba, hannu a sama. Rifkatu ta ji jininta ya tafasa. Ta ja numfashi.

"Na biyar, ya Uba..."

Nan ta tsaya. Kwana tara tana bitar maganar nan, a bas, a gaban madubi, a ɗakin wanki na wajen aiki, amma duk bitar fuskokin mata take gani. Ba ta taɓa gwada ta a teburin kicin ba, ko sau ɗaya, ta kuwa san dalili. Yanzu da ta kira shi da bakinta, idonta a rufe, sai ga ta a gaban wanda take shan shayi da shi kowace safiya, wanda ya san Rachel da abin da ke cikinta, ba ya jiran labari daga Manchester. Yana wurin ranar da Goodness ta ce Mum, promise me. Kuma gobe ƙarfe biyar da rabi yana nan a kujerarsa, ita ce za ta ja tata ta zauna.

Ba tausayin Laraba ta ji ba, ko kaɗan. Haushi ta ji, irin na wanda aka riƙe wa hannu ya riga ya ɗaga sanda. Shirun ya yi tsawo har wasu suka fara buɗe ido ɗaya.

"Na biyar ni ce," ta ce. "Ka san abin da na zo da shi a bakina tun daga gida. Ka riƙe shi, don ni ba zan iya ba. A cikin sunan Yesu."

Amin ɗin ya zo a rarrabe. Ta ajiye makirufon ta fice ta ƙofar gefe, ta tsaya a lungun da ke kaiwa kicin tana huci. Ba a jima ba ta ji takun takalmi a bayanta.

"'Yar'uwa, addu'arki ta taɓa ni," in ji Laraba. "In akwai abin da ke damunki, ai ni ce..."

"Ke ce me?" Rifkatu ta juyo. "Laraba, ki saurare ni da kyau, don yau kaɗai zan faɗa. Ban yafe miki ba. Na ba ki 'yata a hannu tana kwance, kika zuba ta a waya kamar tallan gwanjo. Wata goma sha huɗu ina dafa abincin mutum ɗaya saboda ke."

"Addu'a na nema mata, Allah ya sani."

"Ya sani kam. Shi ya sa na bar ki da shi."

Rifkatu ta tsare ta da ido. Laraba ba wawuya ba ce. Fuskarta ta sauya a hankali, ta dafa bango, ta waiga ta ga ba kowa a lungun.

"Kin sani," ta ce da raɗa.

"Ba ni da abin da zan faɗa miki."

"Rifkatu, don Allah. Tana cin abinci?"

Tambayar ta soki Rifkatu a inda ba ta shirya ba, amma ta daure fuska. "Kina da lambarta. Bakinki kuma na san yana aiki a waya."

Ta wuce ta bar ta nan, ɗankwalin ya karkace, tana share ido da gefen zane.

Ƙarfe biyar suka kamo hanyar gida. Waƙa ta mutu tun kafin su hau babbar hanya, rabin motar ta yi barci baki buɗe. Rifkatu ta jingina da taga, ta gaji kamar ta yi aikin kwana biyu a jere. Ba ta ji wani sanyi a ranta ba. Laraba tana nan Maman Dokta, ita kuma ta tashi a banza, har ta ba mata ɗari abin taunawa a kanta. Ta faɗa wa Allah haka a zuciyarta, ba ta sassauta masa ba.

Na'omi ta gyara zama, ta buɗe ledar ragowar masa a cinyarta, ta matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Maman Goodness," ta ce ƙasa ƙasa, "na ga Maman Dokta ta fito daga lungun nan ido jawur, bayan kin fita. Ni ba don komai ba. Ki ɗan gutsura mini, in san yadda zan sa ta a addu'a."

Maganar ta taso wa Rifkatu har maƙogwaro, da daɗinta kamar da safe, ba abin da ya ragu. Mutum ɗaya ce kawai, ba makirufo, kuma Na'omi za ta ƙarasa aikin kafin Lahadi ba tare da an ji sunan kowa ba. Ta buɗe baki.

"Miƙo mini masa," ta ce.

Ta cusa guda a baki gaba ɗaya, tana tauna a hankali, Na'omi tana jira da haƙuri. Allon gefen hanya ya nuna Manchester saura mil saba'in. Rifkatu ta leƙa cikin ledar ta ƙirga. Masa huɗu ta rage.